Tsibin Maki: Karanta Sakamakon Jarrabawa da Ƙa'idar 68, 95 da 99.7

Laccar da aka gabatar a gaban malaman makarantu da iyayen yara a unguwar Wambai, Suleja

 



An ce in yi magana a kan jarrabawa, kuma ban ga garin da ya fi Suleja cancantar jin wannan magana ba. Sarkin da garin nan ke ɗauke da sunansa, Sulaimanu Barau, malamin makaranta ne da ya fito daga Kwalejin Katsina, ya riƙe alli kafin ya hau gadon sarauta a 1944. Hukumar shirya jarrabawa ta NECO da aka kafa a 1999 hedikwatarta tana Minna. A nan gefenmu kuma ga makarantar tarayya ta yara masu hazaƙa, wadda aka fi sani da Suleja Academy, inda ake tace yara daga faɗin Nijeriya da jarrabawa. Duk da haka, yawancinmu ba mu iya karanta maki ba. Mun iya bayar da shi, mun iya tara shi, mun iya yi wa yaro faɗa a kansa. Amma a ce ga 62, me take nufi, nan ake yin cirko-cirko.

Ga misali. Uba ya karɓi rifot ɗin 'yarsa da ke aji biyu na babbar sakandare. Lissafi 62, Hausa 75. Ya yaba mata a kan Hausa, ya ɗaure fuska a kan lissafi, har ya fara maganar nema mata malamin lesin. Kowa a nan zai ce ya yi daidai, tunda 75 ta fi 62. Ni kuma ina cewa bai san komai ba tukuna, domin akwai lambobi biyu da ba a rubuta masa a rifot ɗin ba, kuma in babu su, maki lamba ce kawai.

Ta farko kowa ya san ta, ita ce matsakaicin maki. A tara makin ɗalibai duka, a raba da yawansu. Ta biyu ita ce wadda muke gudu, wato ma'aunin warwatsuwar maki, wanda masana ƙididdiga ke yi wa alama da harafin Girkanci sigma. Aikinta shi ne ta faɗi nisan da ɗalibai suka saba yi daga tsakiya. Ni a yau zan riƙa kiran ta taki, domin da ita za mu riƙa takawa daga tsakiya zuwa sama ko zuwa ƙasa.

Bari mu fitar da ita tare, ku ga ba aljani ba ce. Yara biyar sun ci 42, 50, 54, 58 da 66. Jimla 270, a raba biyar, matsakaici 54. Yanzu a duba nisan kowa daga 54. Na farko ya gaza da 12, na biyu da 4, na uku yana kan tsakiya daidai, na huɗu ya haura da 4, na biyar da 12. Sai a ninka kowane nisa da kansa: 144, 16, 0, 16, 144. An tara, 320. A raba biyar, 64. Wace lamba ce in aka ninka ta da kanta za ta ba da 64? Na ji ɗaliban da ke zaune can baya sun riga ni faɗa, 8 ce. To takin wannan maki 8 ne. Shi ke nan aikin. Mai kwamfuta ko babbar waya ma ba sai ya sha wannan wahala ba, manhajar Excel za ta fitar masa kafin ya ajiye kofin shayi.

Yanzu ga inda abin yake da daɗi. In ɗalibai suna da yawa, jarrabawar kuma ba ta cika sauƙi ba, ba ta cika tsauri ba, sau da yawa makin yakan taru da siffa guda. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin 'yan hatsi a kasuwar IBB ya ga yadda dawa ke yi in an juye buhu a kan shimfiɗa: tsakiya ya yi tudu, gefe da gefe su gangara daidai wa daida, can bakin shimfiɗa sai ƙwayoyi jefi-jefi. Haka maki yake yi. Masu matsakaicin ƙoƙari su ne tudun, zaƙaƙurai da raunana su ne ƙwayoyin baki. Idan maki ya yi wannan tsibi, to akwai ƙa'idar da ke aiki a kansa ko a Suleja ne ko a Sin. Kimanin kashi 68 cikin 100 na ɗalibai za su faɗo tsakanin taki ɗaya ƙasa da tsakiya da taki ɗaya sama da ita. Kimanin kashi 95 za su faɗo cikin taki biyu. Kashi 99.7, wato kusan kowa da kowa, cikin taki uku.

Ba malaman makaranta suka gano wannan ba. Wani Bafaranshe mai suna Abraham de Moivre, da ya yi gudun hijira zuwa Landan saboda rikicin addini, shi ya fara fitar da lissafin wannan siffa a 1733, kuma a kan jefa kwabo da wasannin sa'a yake bincikensa. Ku lura da shekarar. A 1732, shekara guda kafin nan, wani malamin Katsina, Muhammad ibn Muhammad al-Kashinawi, ya rubuta littafinsa a kan lissafin hatimi, irin wanda kowane layi na gidajensa ke ba da jimla ɗaya, kuma a Alƙahira ya rasu a 1741. Na faɗi wannan ne saboda masu cewa lissafi ba namu ba ne. Bayan de Moivre, Bajamushe Gauss ya yi amfani da siffar a 1809 wajen tantance kurakuran masu auna tafiyar taurari. Sai wani ɗan Beljiyam, Quetelet, ya ɗauko ta daga sama ya sauko da ita kan mutane: ya duba awon ƙirjin sojojin Sikotilan fiye da dubu biyar, ya ga su ma sun yi tsibi. Daga nan ta shigo ajin makaranta.

Dalilin tsibin ba ɓoyayye ba ne. Makin yaro ba abu guda ke haifar da shi ba. Akwai kaifin ƙwaƙwalwa, akwai malamin da ya samu a firamare, akwai ko ya karya kumallo ranar, ko an kawo wuta daren jiya, ko zazzaɓi ya kwantar da shi makon da aka koyar da wani babi, ko tambayar da ya fi ƙwarewa a kai ta fito. Wasu su ɗaga shi, wasu su danne shi. A wurin yawancin yara masu ɗagawa da masu dannewa sukan cinye juna, sai yaro ya tsaya kusa da tsakiya. Da wuya ƙwarai a samu wanda komai ya haɗu ya ɗaga shi, ko komai ya haɗu ya danne shi. Shi ya sa gefe ke sirancewa.

To mu koma makarantar yarinyar nan. A ce ɗalibai 200 ne suka rubuta lissafin, matsakaici 54, taki 8, kuma makin ya yi tsibi. Ba tare da na ga takardar kowa ba, zan iya gaya wa shugaban makarantar abubuwa da dama. Taki ɗaya ƙasa 46, taki ɗaya sama 62, saboda haka wajen yara 136 suna tsakanin 46 da 62. Taki biyu, daga 38 zuwa 70, wajen yara 190. Saura goma, kuma tunda tsibin daidai yake gefe da gefe, biyar suna sama da 70, biyar suna ƙasa da 38. Taki uku, daga 30 zuwa 78: in an samu wanda ya fita daga nan, bai fi yaro guda ba. Idan kuwa malami ya zo ya ce mini yara ashirin sun haura 80 a wannan jarrabawa, ba zan ce ƙarya yake yi ba, amma zan ce a kawo mini takardun in ga wa ya zauna kusa da wa.

Yarinyarmu ta ci 62. Taki ɗaya cif sama da tsakiya. Rabin ɗalibai, kashi 50, suna ƙasa da tsakiya. Rabin kashi 68 ɗin nan, wato 34, suna tsakanin tsakiya da inda take tsaye. An haɗa, 84. Ta wuce yara 84 cikin kowane 100. A Hausa kuma, a ce matsakaici 70 ne, taki 10. Makinta 75, rabin taki kawai ta haura, wanda bai wuce ta fi yara 69 cikin 100 ba. Ashe a lissafi ta fi fice. Uban nan ya ɗaure fuska a inda ya kamata ya yanka mata kaza. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a sha'anin maki ido yakan yi kuskuren kima, dole a kawo mudun.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. A Japan, ɗalibi da iyayensa ba sa tsayawa a kan nawa aka ci kaɗai. Akwai wata lamba da suke kira hensaci, wadda aka tsara ta yadda tsakiya kullum 50 ce, taki kullum 10. Mai 60 ya san taki ɗaya yake sama, ko jarrabawar ta yi tsauri ko ta yi sauƙi, kuma da ita yake auna makarantar da zai nema.

Ga wani amfanin da ya shafi malamin aji kai tsaye. Aji biyu, kowanne matsakaicinsa 54. A takarda tagwaye ne. Amma na farko takinsa 4, na biyu 14. A na farko kusan kowa yana tsakanin 46 da 62, malami zai iya jan su da igiya ɗaya. A na biyu kuwa, taki biyu yana kai mu daga 26 zuwa 82. A benci guda akwai wanda ya gama aikin yana hamma, da wanda bai gane me aka tambaya ba. Malamin da ya koyar da wannan aji yana kallon tsakiya, ya yi asarar gefe biyu a lokaci guda. Mai duba makarantu da ya tsaya a kan matsakaici kaɗai ba zai taɓa ganin wannan ba.

Sai batun makarantar nan tamu ta masu hazaƙa, wadda aka kafa a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, kuma NECO ke shirya jarrabawar shigarta. Duk tunanin da ke bayan irin wannan makaranta tunanin bakin tsibi ne. Wanda ya haura taki biyu, kusan ɗaya ne cikin 40. Wanda ya haura taki uku, ɗaya ne cikin 700 da 'yan kai. A gwajin basira da aka fi amfani da shi a duniya, inda tsakiya take 100, taki 15, waɗannan su ne masu 130 da masu 145. Ku ga yadda abin ke tsukewa: ƙarin taki guda ya rage mutane kusan ninki ashirin. Shi ya sa nake roƙon iyaye, in yaro ya gwada bai samu ba, kada a mayar da shi abin zunɗe a gida. Yaron da ya fi 97 cikin 100 na tsararsa ma yana iya rasa gurbi. Kuma a can bakin tsibi, tambaya biyu da aka kuskure saboda rawar hannu sun isa su raba mai shiga da mai komawa gida. Galton, wani masani ɗan Ingila, ya nuna tun a 1886 cewa abin da ya yi nisa ƙwarai daga tsakiya yakan ɗan dawo kusa da ita. Zakaran yau, in an sake jarrabawa gobe, mai yiwuwa ne ya zo na biyar, ba don ya lalace ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ci mini rai. Tsibi ba ya ƙirga sai wanda aka zuba a cikinsa. Asusun UNICEF ya daɗe yana ƙiyasta cewa yaran Nijeriya fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta. In ɗaya cikin 700 na nan a tsakanin masu yunifom, yana nan a tsakanin masu tallar fiya wata a Madalla da masu turin baro a tasha. A cikin miliyan 10, ku yi lissafin da kanku, ya haura yara dubu goma sha uku. Babu jarrabawar da za ta gano su, domin ba su zauna ba.

Yanzu bari in juya ga gefen da nake so ku fi riƙewa, domin wanda ya koyi ƙa'idar nan bai koyi iyakarta ba, gara ma bai koya ba. Na ce in maki ya yi tsibi. Ba kowane maki ke yi ba. Kuma babbar jarrabawar ƙasar nan ita ce shaida ta.

A farkon watan Mayu na 2025 hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga jami'a ta fitar da teburin sakamakon ɗalibai 1,955,069. Makin ƙoli 400 ne. Waɗanda suka kai 300 zuwa sama su 12,414 ne. Daga 250 zuwa 299, mutum 73,441. Daga 200 zuwa 249, mutum 334,560. Daga 160 zuwa 199, mutum 983,187, wato rabin masu jarrabawar gaba ɗaya. Daga 140 zuwa 159, mutum 488,197. Daga 120 zuwa 139, mutum 57,419. Duk waɗanda suka gaza 120 kuwa su 5,851 ne kacal.

Na ɗauki teburin nan na yi nawa ƙiyasi, kuma ƙiyasi ne, tunda rukuni-rukuni aka ba mu ba makin kowa ba. Matsakaici ya faɗo wajen 180, taki wajen 35. To mu gwada ƙa'idarmu. Taki biyu ƙasa shi ne 110. Ƙa'ida ta ce kashi biyu da rabi za su gaza wannan, kusan mutum dubu 49. Amma ko an ɗaga layin zuwa 120, mutanen ba su kai dubu shida ba. Mu juya sama. Taki uku shi ne 285. Ƙa'ida ta ce waɗanda za su haura nan ba za su kai dubu uku ba. Amma masu 300 zuwa sama kaɗai sun haura dubu goma sha biyu, ninki huɗu. Ƙa'idar ta faɗi ta gefe biyu. Wannan tsibi ba daidai yake ba: ta hagu ya yanke kamar gaɓar kogi, ta dama ya ja doguwar wutsiya.

Faɗuwar nan ita ce darasin. Me ya yanke gefen hagu? Jarrabawar ta zaɓi-ɗaya ce, amsa huɗu a gaban kowace tambaya. Wanda bai san komai ba, ya rufe ido yana canki-canka, a ƙa'ida zai dace da kusan ɗaya cikin huɗu, kuma rubu'in 400 shi ne 100. Ke nan akwai daɓe a ƙasa da ba a cika nutsewa a wuce shi ba. Me kuma ya ja wutsiyar dama? A nawa ganin, ba jama'a ɗaya ce ta zauna jarrabawar ba. Akwai 'yan ƙalilan da suka fito daga makarantu masu malamai da littattafai da kwamfuta, waɗanda suka yi shekara suna atisaye, sannan ga ɗimbin jama'a da wasunsu ranar jarrabawa ce ranar farko da suka zauna gaban kwamfuta da gaske. In an zuba su wuri guda, siffar da za ta fito ita ce wannan. Wutsiyar nan hoton rashin daidaiton makarantunmu ce.

Da teburin ya fito, ƙasa ta ɗauka: fiye da miliyan ɗaya da rabi sun kasa kai 200, yaran yanzu sun lalace, waya ta cinye su. A wani ɓangare an bar jaki ana dukan taiki. Lamba 200 rabin 400 ce, ba wani abu ba. Jarrabawar JAMB ta jera mutane ce domin rabon guraben da ba su isa ba, kuma a taron da aka yi a shekarar, 150 aka tsayar a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a. Ba ina wanke yaranmu ba ne, matsakaicin 180 a jarrabawar da canki-canka ke ba da 100 ba abin tinƙaho ba ne. Amma a yi kukan a inda ya dace.

Sauran labarin kun san shi. Ranar 14 ga Mayu, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye, ya amsa cewa an samu matsalar na'ura a cibiyoyi 157 a Legas da jihohin kudu maso gabas, wadda ta shafi ɗalibai 379,997, aka sake musu jarrabawa. Abin da zan ce a nan na lissafi ne. Makin yaro guda yana iya tsalle sama ko ƙasa, amma matsakaicin jama'a mai yawa nauyi gare shi, ba ya motsi da wasa. In takin mutum ɗaya 35 ne, takin matsakaicin mutum 2,500 bai kai maki ɗaya ba, domin raba 35 ake yi da 50, lambar da in an ninka ta da kanta take ba da 2,500. Saboda haka in matsakaicin wata cibiya ya rikito da maki 20 alhali maƙwabtanta suna nan yadda suke, ba sa'a ba ce, ba kuma lalacin yara ba ne. Wani abu ya faru, a je a duba kafin a saki sakamako. Wannan ya shafi hukumar ƙasa, ya kuma shafi malamin da ke haɗa sakamakon aji uku a ofishin makaranta.

A makarantunmu na unguwa ƙa'idar tana faɗuwa ta wasu hanyoyin da kuka fi ni sani. Makin gwajin cikin zango, inda kowa ke samun 27 ko 28 cikin 30 don kada iyaye su yi ƙorafi, ba tsibi ba ne, tari ne a jikin rufi. Ajin farko na ƙaramar sakandare da ya haɗa waɗanda suka iya karatu da waɗanda aka turo daga firamare ba su iya haɗa baƙi ba, yakan yi tudu biyu da kwari a tsakani, kuma matsakaicin yana faɗawa cikin kwarin, inda babu kowa. Ajin yara goma sha biyar kuma ya yi kaɗan, kada a matsa masa. A irin waɗannan wurare akwai wata ƙa'idar mai sassauci da ke ɗauke da sunan Chebyshev, masanin Rasha, wadda ba ta damu da siffa ba: aƙalla kashi 75 suna cikin taki biyu, aƙalla kashi 88.9 cikin taki uku. Ba ta da kaifi, amma ba ta ƙarya.

Abu na ƙarshe, kuma a nan ne nake da saɓani da wasu abokan aikina. Akwai malamin da in ya ga ajinsa duk sun ci, sai hankalinsa ya tashi, ya shiga rage maki don a samu masu faɗuwa, wai sakamako ya yi kyan gani. Wannan zalunci ne da aka yi wa rigar ilimi. Ƙa'idar nan tana bayyana abin da aka tarar ne, ba ta umarci kowa ya kayar da yara ba. Tana faɗin inda yaro yake a cikin tsararsa, ba ta faɗin abin da ya sani. Ana iya zama na ɗaya a ajin da babu wanda ya iya raba lamba. Masanin ilimi na Amurka Benjamin Bloom ya yi wannan jayayya a 1968, inda ya nuna cewa koyarwa aiki ne da ake yi da niyya, in ta yi kyau ya kamata yawancin ɗalibai su taru a sama, ba su watsu kamar abin da sa'a ta jefar ba. Mu kuwa mun san wannan tun kafin Bloom. A makarantar allo ba a wanke wa yaro allo don ya fi na kusa da shi. Sai ya biya daidai, ko yau ko jibi, kuma burin malam kowa ya sauke. Karatun sura, da jadawalin sau, da iya karanta jimla, duk irin wannan awo suke so. Tsibi na ranar rabon gurbi ne, ranar da kujeru suka yi kaɗan, masu nema suka yi yawa. Malamin da ya kasa bambance waɗannan ranaku biyu zai cuci yara da hannu biyu.

Roƙona ga shugabannin makarantu da ke nan, na gwamnati da masu zaman kansu, ƙarami ne, ba ya cin ko sisi. A ƙarshen zangon nan, kafin a cike rifot, kowane malami ya ɗauki takarda ya ja layuka, daga 0 zuwa 9, 10 zuwa 19, har zuwa 100, ya yi wa kowane ɗalibi ɗan zane a gidansa. Ya tsaya ya dubi siffar da ta fito. In tsibi ne, ya yi aiki da 68 da 95. In tudu biyu ne, ya kai wa shugaba, a raba yaran a yi wa na ƙasa gyara. Sannan a ƙara gida biyu a rifot kusa da makin kowane darasi, ɗaya na matsakaicin aji, ɗaya na taki. Ku kuma iyaye, in an kawo muku rifot babu waɗannan lambobi, ku taka zuwa makarantar ku tambaya, haƙƙinku ne.

 Mai tambaya ya ɗaga hannu, allo da alli suna nan.